Ko Kun Sani? Yadda Ingilishi ke Faɗar Ɗoki da Fargaba

Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ɗan kwaleji a Alakoss, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, yana fara Ingilishi tun aji na farko, kuma zai gamu da shi a jarrabawar BEPC.

Inda yara ke yawan tuntuɓe shi ne fi'ilan da ake maƙala wa guntuwar kalma, ma'ana ta sauya gaba ɗaya, ginin da Faransancin da suka saba da shi ba ya yi. Wanda gabansa ke faɗuwa daren jarrabawa, ga ɗoki ga tsoro, ana ce masa keyed up, asalinsa daga ɗaure tsirkiyar kayan kiɗa ta yi tauri, kamar ta garaya. Wound up kuwa, mai kusan wannan ma'anar, daga wana agogo ne. Worked up ya fi su zafi, don sau da yawa akwai ɓacin rai a ciki. Haddace su a jere wahala ce kawai. Cikin jimla suke zama a ka.