Jari Nawa Ne Zai Ishi Mai Sayar Da Kaya Ta Intanet?

A garuruwa da yawa na ƙasar nan, musamman Legas da Kano da Kaduna da Abuja, ana samun matasa da matan aure waɗanda ba su da rumfa a kasuwa, amma kullum suna cikin ciniki. Wayar hannu ita ce shagonsu. Sukan sari atamfa da leshi a Kantin Kwari ko a kasuwar Balogun, su ɗauki hotunansu su baza a WhatsApp da Instagram da Facebook, wasu kuma su sa a Jumia ko Konga, waɗanda aka kafa a 2012, ko kuwa a Jiji wadda ta zo a 2014. Tambayar da ke damun mafi yawansu guda ce, watau kaya nawa ya kamata mutum ya tara kafin sana'ar ta riƙe shi. Wanda ya sari kaɗan ba zai ga abin kai wa bakin salati ba, wanda kuwa ya sari fiye da kima zai binne kuɗinsa cikin kayan da suka yi kwantai.

LISSAFI DAGA BAYA

Mai hankali ba ya fara lissafi daga kuɗin da ke hannunsa, sai daga abin da yake so ya samu a ƙarshen wata. A ɗauki misalin mace mai sayar da atamfa wadda ke neman Naira 140,000 kowane wata, watau ninki biyu na mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuli na 2024. A ce tana sarin turmi a kan Naira 12,000, tana sayarwa Naira 17,000. A ido ribar Naira 5,000 ce, amma ba haka take ba. Akwai kuɗin data, da na talla, da leda, da kuɗin motar zuwa kasuwa, da asarar kayan da aka aika mai saye ya ce ya fasa. Masu iya magana suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In waɗannan suka ci Naira 1,500 a kowane turmi, abin da ya rage mata Naira 3,500 ne. Ke nan sai ta sayar da turmi 40 a wata kafin ta cim ma burinta.

To, a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin suna zaton turmi 40 ɗin su ne jarin da ake bukata. Mai saye zaɓe yake yi, wata launi take nema, wata zane, wata kuma ta duba ta wuce. Saboda haka ba dukan abin da aka baje ke fita cikin wata guda ba. In ɗaya cikin huɗu ne ke fita, lalle ne ta riƙe turmi 160 a kowane lokaci, kuɗinsu kuwa Naira 1,920,000 ne. In kuma ta iya zaɓen kaya har rabinsu na fita a wata, turmi 80 sun ishe ta, watau Naira 960,000. Riba ɗaya ce, amma jarin ya ragu da rabi. Wannan ya nuna cewa saurin juyawar kaya ya fi yawansu muhimmanci.

UWAR KUƊI BA TA CIYUWA

Daga cikin Naira 680,000 da za su shigo mata a wata, Naira 480,000 uwar kuɗi ce, dole ta koma kasuwa domin a cike gurbin abin da ya fita. Wadda ta taɓa ta don hidimar biki, za ta wayi gari kayanta sun ragu, ciniki kuma ya bi su.

Bugu da ƙari, ana auna riba ne da farashin sabon sari, ba da na jiya ba. 'Yan kasuwa sun ɗanɗana wannan bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, inda Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haye Naira 1,500 a farkon 2024. In matar nan ta koma Kwari ta tarar turmi ya zama Naira 14,000 alhali ba ta ƙara kuɗi ba, ribarta ta gaskiya ta koma Naira 1,500, sai ta sayar da turmi 94 kafin ta ga Naira 140,000.

Irin kayan ma na canja lissafin. Mai sayar da turare ko takalmi iri ɗaya hoto guda ya ishe shi, in kaya sun ƙare ya sake sarowa. Mai gwanjo kuwa kowace riga ita kaɗai ce irinta, don haka sai ya tara da yawa, kamar yadda masu sayar da tsofaffin kaya ke yi a eBay, kasuwar da aka kafa a Amurka a 1995. Akwai kuma masu dillanci, waɗanda ke baza hoton kayan da ke shagon wani, sai an biya su je su ɗauko. Ba sa bukatar jari mai yawa, sai dai ribarsu ƙarama ce, kuma sau da yawa kafin su isa shagon an sayar da kayan, su rasa ciniki su rasa amana.

Haka nan lokaci na da nasa hukunci. Gabanin Ƙaramar Salla da Babbar Salla kaya kan fita da gudu, bayansu kasuwa ta yi sanyi. Ga Musulmi kuma, kayan ciniki na shiga lissafin zakka, ɗaya cikin arba'in, idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo mata.

Abin da ya fi dacewa da sabon shiga shi ne ya fara da kaɗan, ya riƙe littafi na wata uku, yana rubuta abin da ya saro da ranar da kowane ya fita. Daga nan zai san ainihin ribarsa da saurin kayansa. Abin da ya wuce wata uku bai motsa ba, gara a karya farashinsa a fid da kuɗin, a sa su cikin abin da jama'a ke nema.