Ƙwayar Tarin Fuka Da Ta Yi Kwanton Ɓauna Shekara 33

A shekarar 1961, a ƙasar Denmak, an gwada kakin wani magidanci aka tarar yana da tarin fuka. Aka raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, aka busar da ita, aka adana a cibiyar Statens Serum da ke birnin Kofenhagen.

A 1994 sai ɗan mutumin nan ya kwanta, shi ma tarin fuka. Dokta Troels Lillebaek da abokan aikinsa suka ɗauko tsohuwar ƙwayar uban, suka gwama tambarin halittarta da na ɗan, suka ga iri ɗaya ne sak. A 2002 suka bayyana wa duniya cewa a wurin mahaifinsa ɗan ya shaƙe ta, ta zauna a jikinsa shekara 33 yana harkokinsa lafiya ƙalau.

A ina ta ɓuya? A cikin sojojin jikin da aka tura su kashe ta. Idan mutum ya shaƙi ƙwayar ta sauka can ƙasan huhu, wasu manyan fararen ƙwayoyin jini kan haɗiye ta su kulle a wata 'yar jaka, don su zubo mata ruwa mai narkarwa. Ita kuwa tana da fata mai kauri da maiƙo, kuma tana hana jakar haɗuwa da ruwan. Sai ta mai da cikin sojan ɗakin kwananta, har ta hayayyafa. Bayan 'yan makonni garkuwar jiki ta farga, ta taro wasu sojojin su kewaye wurin su yi masa katanga. Wani jikin ya gama da ita a nan. Wani kuwa tsare ta kawai yake yi, tana nan kamar garwashi cikin toka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma a cikinsu biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai ke kwanciya. Yunwa, ciwon suga, sigari, tsufa da cuta mai karya garkuwar jiki su ke rusa katangar. Tsakiyarta ta ruɓe, ta fashe cikin hanyar numfashi, mutum ya fara tari yana watsa wa iyalinsa.

Wannan ne ke damuna idan na tuna cunkoson kasuwar Jega, da fataken albasar Aliero masu kwana a ɗaki guda a Legas, da matasan Maiyama masu zuwa ci-rani. Mutum ya dawo gida garau. Bayan shekaru ya fara rama, yana jiƙa riga da zufar dare, sai a ce sammu ne, a waiwayi kishiya ko abokin kasuwa. Wallahi zalunci ne, domin wanda ya ba shi cutar wataƙila ya daɗe a kabari. Ƙwayar kan ci ƙashin baya ma har ta lanƙwasa shi, kuma duk ƙwarewar masu ɗorin Aliero, wannan ba karaya ba ce.

Gwajin kaki da maganin wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ɗan'uwa, tarin da ya kai mako biyu, bar zaryar kemis, ka je a gwada ka, ka tafi da mutanen gidanka.