'Yan Fansho A Jos Da Na'urar Da Ke Gane Fuska

JOS: Tun zamanin haƙar kuza garin Jos ya yi suna a matsayin mazaunin waɗanda suka ajiye aiki. Sanyin Filato da albarkar kayan lambu sun sa tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da na NITEL da 'yan sanda da jami'an kwastan da dama suka gina gidajensu a nan, daga Unguwar Rogo har zuwa Bukuru. A yau waɗannan bayin Allah suna cikin sahun farko na mutanen da ƙirƙirarriyar basira ta shiga harkar kuɗinsu kai tsaye, ko da kuwa wasunsu ba su taɓa jin sunanta ba.

Dalili kuwa shi ne tsarin biyan fansho. Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta kawo tsarin adashi, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Amma ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya a tsohon tsari sun ci gaba da karɓa daga baitulmali, kuma tun 2013 hukumar PTAD ce ke kula da su. Babbar matsalar irin wannan biya ita ce sanin wanda ke raye, domin sunayen matattu da na bogi sun daɗe suna cinye kuɗin gwamnati. Maganin da aka sani a da shi ne tantancewa ido da ido, wato dattijo ya yi sammako ya bi dogon layi da takardunsa a hannu, wani lokaci kwana da kwanaki.

A 2021 hukumar ta fara gwajin wani shiri mai suna I Am Alive, wato "Ina Raye", ta kuma faɗaɗa shi a 2023. Ɗan fansho zai shiga ta wayar hannu ko kwamfuta, ya sa lambar fanshonsa da lambar asusunsa na banki, sa'an nan ya ɗauki hoton fuskarsa. Na'urar takan auna siffofin fuskar, ta mayar da su lissafi, ta gwada da hoton da ke ajiye tun lokacin tantancewar baya. Daga nan sai ta nemi mutum ya motsa fuskarsa, don ta tabbatar ba hoton takarda aka nuna mata ba. Wannan ita ce ƙirƙirarriyar basira a aikace. Wanda bai yi ba kuwa, yana iya wayar gari ya ga kuɗin wata bai shigo ba.

Ta fuskar tattalin arziki ribar a fili take: babu kuɗin mota, babu kwana a layi. Sai dai wahalar ta koma wani wuri. Na'urar tana son haske sosai da kyamara mai kyau da intanet mai ƙarfi, tabarau ko inuwar hula suna iya rikita ta, fuskar da ta tsufa kuma takan bambanta da tsohon hoto. Saboda haka dattijai da yawa sukan dangana da jika, ko mai shagon kwamfuta, ko yaron da ke sana'ar POS a bakin titi. A nan haɗarin yake, domin wanda ya riƙe wayar tsoho ya riƙe lambar BVN da ta NIN da lambobin sirrin da banki ke aikowa.

'Yan damfara ma sun samu rabonsu a wannan fasaha. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya, ta yadda za a kira uba da muryar ɗansa ana neman kuɗi cikin gaggawa. Dabarar tsira mai sauƙi ce: a kashe wayar, a kira ɗan ta lambarsa da aka sani. Banki kuma ba ya kira ya nemi lambar sirri.

Amfanin bai tsaya ga fansho ba. Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa a 2013, ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, Meta AI kuma ya shigo WhatsApp a Nijeriya a 2024. Tsohon ma'aikacin da ya koma kiwon kaji ko noman dankali zai iya sa su fassara masa wasiƙar banki, ko su tsara masa lissafin abin da ya kashe da abin da ya samu. Amma waɗannan manhajoji sukan yi kuskure ba tare da sun nuna shakka ba, don haka batun magani na likita ne, batun hakkin fansho kuma na ofis ne.

Ga 'yan kasuwa, a nan akwai ciniki na halal da ke jiran mai shi. Mai shagon da ya tanadi kujera da haske, ya rubuta farashinsa a bango, ya bar dattijo ya danna lambar sirrinsa da hannunsa, ya kuma koya masa matakan da Hausa har ya iya da kansa, ya samu abokin ciniki na dindindin tare da iyalansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu sarrafa bayanan mutane, saboda haka ajiye hotunan katin tsofaffi a kwamfutar shago ba ƙaramin ganganci ba ne. Bankuna da rassan ƙungiyar 'yan fansho a Jos su ma suna da hurumin ware rana guda a wata don irin wannan darasi, tun da kuɗin da ake karewa a asusunsu yake kwana, a kasuwannin Katako da Farin Gada kuma ake kashe shi.