Daular Mughal: Abin da Ya Ɗaga Ta da Abin da Ya Kayar da Ita

Sama da shekara 300 wani gidan sarauta na Musulmi ya yi a kan karagar Indiya, ƙasar da akasarin mutanenta mabiya addinin Hindu ne. Gidan Mughal ke nan, waɗanda suka gina Taj Mahal. Ƙarfinsu ya dogara ne a kan harajin manoma da yadda ake raba shi, kuma ta nan ɓaraka ta shigo.

Babur, wanda ya kafa daular, baƙo ne. Daga Fergana ya fito, a Uzbekistan ta yau, zuriyar Timur ta wajen uba. Da ƙasar gadonsa ta kuɓuce masa sai ya kama Kabul, daga can ya gangaro Indiya. A 1526 ya kara da Sarkin Delhi, Ibrahim Lodi, a Panipat. Lodi ya fi shi mayaƙa nesa ba kusa ba, ga giwayen yaƙi, amma igwa da bindiga da dabarar barade suka ba Babur nasara.

Jikansa Akbar ne ya kafa mulkin da gindinsa. Ya hau gado a 1556 yana ɗan shekara 13. Ya jawo sarakunan Rajput a jika, ya auri 'yarsu, ya ba su jagorancin rundunoni, ya kuma soke jizya a 1564. Wazirinsa na kuɗi, Todar Mal, wanda Hindu ne, ya sa aka auna gonaki aka yanka haraji gwargwadon amfanin da suke bayarwa.

Kowane babban ma'aikaci yana da lambar muƙami da adadin dawakan da zai riƙe wa sarki. Maimakon albashi, galibi sai a ba shi yanki ya karɓi harajinsa, kamar hakimi, sai dai ba ya gadar wa ɗansa, kuma bayan 'yan shekaru a sauya masa wuri. Ta haka babu mai yin saiwar da zai ja da fada. Da arzikin wannan haraji Sarki Shah Jahan ya gina Taj Mahal a Agra, kushewar matarsa Mumtaz da ta rasu a 1631.

Sai dai gidan ba shi da tsayayyar ƙa'idar gado: wanda ya fi ƙarfi cikin 'ya'yan sarki shi ke hawa. Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan a 1658, ya kashe yayansa Dara Shikoh. A zamaninsa daular ta kai iyakar faɗinta, aka tattara littafin fatawoyin Hanafiyya da ake kira Fatawa Alamgiri, aka kuma dawo da jizya a 1679. Ya ci Bijapur a 1686 da Golconda a 1687, amma yaƙin sari-ka-noƙe na mayaƙan Maratha ya riƙe shi a kudu har ya rasu a 1707. Baitulmali ya rame, masu muƙami suka yi yawa, yankunan da za a raba musu suka yi kaɗan, su kuma suka matsa wa talaka.

Daga nan gwamnonin Bengal da Awadh da Hyderabad suka zama sarakunan kansu, sunan sarki kawai suke ambata a huɗuba da jikin kuɗi. A 1739 Nadir Shah na Farisa ya washe Delhi, ya tafi da karagar ɗawisu ta sarakunan Mughal. Kamfanin 'yan kasuwar Ingila na East India ya ci yaƙin Plassey a 1757, kuma a 1765 sarkin Mughal da kansa ya miƙa masa ikon karɓar harajin Bengal. Wanda ke karɓar haraji kuwa shi ke da ƙasa.

Bayan boren da Indiyawa suka yi wa kamfanin a 1857, Turawa suka tuɓe sarki na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, suka kai shi Rangun a Bama, inda ya rasu a 1862.