Yadda Za A Sauƙaƙa Wa Mai Rauni Shiga Kwalekwale

Duk wanda ya san ƙasar Yawuri ya san Sarkawa, watau masuntan nan na bakin Kwara, waɗanda cinsu da suturarsu duk daga ruwa su ke fitowa. A cikinsu akwai tsofaffin da gwiwa ta gaza, akwai kuma waɗanda shan inna ya taɓa tun suna yara. Irin wannan mutum in ya zauna cikin jirgi ba wanda zai fi shi tuƙi ko ɗana ƙugiya, gama aikin na hannu ne. Wahalarsa ɗaya ce, shiga da fita. Saboda wannan taki guda sai gwani ya bar sana'ar ubansa, ya koma jiran abin da za a ba shi.

Kafin a nemi magani, ya kamata a san cutar. Kwalekwale ba shi da faɗi, gindinsa kuwa a kewaye ya ke. In mutum ya taka gefensa yana tsaye, nauyinsa na sama, sai jirgin ya karkata, ya kuma zame ya bar gaɓa, ga taɓo ga santsi. Mai ƙarfi ya kan yi wuf ya gyara tsayuwa, amma mai rauni sai ya faɗi. Saboda haka dabarar uku ce: a tsai da jirgi, a gyara hanya, a sa mutum ya shiga a zaune.

Da fari sai a kafa turaku biyu inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a jawo jirgin ya ba gaɓa gefe, a ɗaure goshinsa da bayansa tam. Jirgin da aka ɗaure waje ɗaya kaɗai ya kan juya kamar akuya a turke. A tsakanin turakun a kafa gora mai ƙwari cikin ƙasa, ta kai kafaɗa, don mai shiga ya riƙe ta maimakon gefen jirgi.

Na biyu, a sami katako mai faɗin kamar ƙafa 2, a shimfiɗa daga busasshiyar ƙasa zuwa bakin jirgin. A buga masa 'yan sanduna a gicciye, a rufe da tsohon buhu don kada ƙafa ko sanda ta zame. Ƙa'idar magina ga hanyar keken guragu ita ce, kowane inci 1 na tudu a ba shi inci 12 na tsawo, don haka kada a bar gangaren ya yi tsanani. Katakon da za a iya ɗauka ya fi dakalin da aka gina amfani, domin tun da aka gama madatsar Kainji cikin 1968 ruwan tafkin ya kan hau ya sauka ƙwarai kowace shekara. Mashigin damina ba shi ne na bazara ba.

Na uku shi ne babba. A gicciya wani katako bisa gefunan jirgin biyu, wajen tsakiya inda ya fi faɗi, a ɗaure shi. Mai rauni ya juya baya ya zauna a kansa, ya matsa zuwa tsakiya, sa'an nan ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya shigar. Daga nan ya sauka bisa 'yar kujera gajera a ƙasan jirgin. Mai taimako ya riga shi shiga, ya zauna ɗaya gefen don nauyi ya daidaita. Kada ya ja shi da hannu, gama in ɗaya ya tafi duk biyun sun tafi. Wajen fita a bi matakan nan da baya. Rigar hana nutsewa kuwa tun a tudu za a sa ta.

To, 'yan'uwa, cikinmu akwai waɗanda za a tura makarantun bakin kogi. Wannan aiki bai fi ƙarfin yara a darasin aikin hannu ba, kayansa kuwa katako biyu ne da igiya da ƙusoshi kaɗan. In malami ya nemi yardar Sarkin Ruwa, yara suka yi shi a mashigin garinsu, sun mai da dattijo kan sana'arsa, sun kuma koyi cewa ilmi abin amfanin jama'a ne. Allah ya sa mu dace.