Fararen Tabo A Hoton Ƙwaƙwalwa: Me Suke Nufi?

'Yan'uwana mata, a ce yarinya ta wayi gari ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta mutu mata, bayan 'yan makonni abin ya wuce. Mutanen gida sai su ce iska ce, ko ƙiwuya. To, wani lokaci wannan shi ne mafarin ciwon da likitoci ke kira MS. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata kuwa sun ninka maza sau biyu ko uku.

Kun san wayar lantarki da robar da ke rufe da ita? Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suke da riga. A wannan ciwo, garkuwar jiki ce take kuskure, ta riƙa cin rigar nan, saƙo ya kasa wucewa. Inda ta ci sai ya bar tabo.

Tun 1981, a Landan, aka fara ganin tabon nan da na'urar MRI. Yakan fito fari, mai siffar ƙwai, a gefen guraben ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Wasu sukan jeru kamar yatsun hannu, ana ce musu yatsun Dawson, sunan likitan da ya bayyana su a 1916. In an yi allurar wani ruwa kafin hoton, sabon tabo yakan yi haske, tsoho kuwa ba ya yi.

Amma ku lura, ba kowane farin tabo ne MS ba. Hawan jini, tsufa da ciwon ɓarin kai duk suna kawo shi. Likita yakan duba siffarsa da wurinsa, ya haɗa da abin da majinyaciya ta faɗa.

Me ke jawo shi? Binciken da aka buga a 2022 kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna ƙwayar cutar Epstein-Barr tana da hannu ƙwarai. Gado, shan taba, ƙiba a ƙuruciya da ƙarancin bitamin D suna ƙara haɗarin. Ciwon kansa ba a ɗaukarsa daga wani.

Har yanzu ba a sami maganin warkewa ba, amma akwai masu rage tasowarsa, kuma sun fi amfani in an fara da wuri. Saboda haka, uwargida da 'yan makaranta, ku rubuta ranar da alama ta zo da ranar da ta tafi, ku kai wa likita. Kada ku ce ai ya wuce.