Daga Bakin Murhu Zuwa Majalisa: Faɗaɗar Ma'anar Kalmar Kujera

A gidajen Dakoro da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan aka ce kujera, abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne ƴar tsugunno, wadda ake sassaƙawa da icce, mace ta zauna a kanta tana tuƙin tuwo ko wanke-wanke. Ba da ita ake girmama baƙo ba. Baƙo tabarma ake shimfiɗa masa, malami yana kan buzunsa, sarki kuwa karaga ko gado yake hawa, shi ya sa har gobe ake cewa gadon sarauta.

To, ta yaya wannan abin zama na tsakar gida ya koma sunan iko? Makaranta da ofis, waɗanda suka zo da mulkin Faransa, su suka yawaita kujera mai majingina, suka kuma haɗa ta da muƙami. Daga nan kalmar ta bar iccen, ta koma kan matsayin mai zama. Masana ilimin ma'ana suna kiran irin wannan sauyi faɗaɗar ma'ana.

Aikatau shi ne babbar shaida. Uwar gida zama take yi a kan kujera, ɗan siyasa kuwa hawa yake yi, daga baya ya sauka ko a sauke shi, kamar dai yadda ake faɗa game da karaga. Ke nan kujera ta gaji aikatan sarauta. Ana cin kujera a zaɓe, ana kuma rasa ta. Ƙasashe 5 masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya suna hawa kujerar na-ƙi, kuma wannan, a ganina, na cikin ƙirƙirar da ta fi dacewa a Hausar rediyo. Akwai kuma kujerar Makka, wadda ke nufin kuɗin tafiya Hajji gaba ɗaya.

Abin lura shi ne, da kalmar ta bar bakin murhu ba ta tafi da masu ita ba. Sai da Nijar ta kafa doka a 2000 kafin a ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, doka da aka yi domin mata. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019.